Alkawari Kaya Ne: Zinaren Birnin Gwari da Takardun Manyan Kamfanoni

'Yan uwa malamai da iyalanmu, da wuya a sami wani babban kamfani a duniyar yau, daga masu ƙera wayar salula zuwa masu tace zinare da masu sayar da kayan ado, wanda bai wallafa takardar da yake cewa ya ɗauki alkawarin kare haƙƙin ɗan Adam da mutunta ma'aikata ba. Takardun nan kusan bakinsu ɗaya. Kamfani zai ce bai yarda a sa yara aikin da ya fi ƙarfinsu ba, bai yarda da aikin tilas ba, ba zai sayi kayan da kuɗinsu ke shiga aljihun masu ɗauke da makamai ba, kuma sharaɗin ya hau kan wanda ya sayar masa da kaya, da wanda ya sayar wa wancan, har a dangana da tushe. Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa reshen Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa na Birnin Gwari da takardun da ake rubutawa a Landan ko Dubai ko Amurka? Zinare ne ya haɗa mu. Wani yanki na tushen da takardun ke magana a kai yana ƙarƙashin ƙasarmu, kuma cikin hannayen da ke tono shi akwai waɗanda fensir ya kamata su riƙe a azuzuwanmu.

Maganar ta zo a kan gaɓa. Tun ƙarshen watan Nuwamba 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe, hanyar Kaduna ta fara biyuwa, manoma sun fara komawa gonakin da suka bari, baƙi kuma sun fara shigowa. Inda hanya ta buɗe wa mai sayen masara, ta buɗe wa mai sayen zinare. Idan Allah Ya zaunar da wannan lafiya, ba za a daɗe ba za mu ga masu lasisi da masu jari suna neman wurin haƙa, kowanne riƙe da takardar alkawarinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ya kamata mu san abin da ke cikin waɗannan takardu, mu san inda suke da amfani da inda suke yoyo, domin kada a karanta mana su a dandali mu yi tafi mu watse.

Zinare ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Tun zamanin mulkin Turawa, musamman a shekarun 1930, an haƙa shi a yankin Birnin Gwari da Minna da ƙasar Zamfara, domin jerin duwatsu iri ɗaya ne ya ratsa waɗannan wurare. A 2016 gwamnan Jihar Kaduna na lokacin, Malam Nasir El-Rufa'i, ya taɓa cewa zinaren da ke Birnin Gwari ya fi na Afirka ta Kudu yawa. Ko maganar ta tabbata ko ba ta tabbata ba, ta ƙara jawo idon duniya gare mu. Abin da mutanen ƙasar suka gani da idonsu kuwa daban ne. Dajin Kamuku, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000, da dajin Kuyambana da ke manne da shi ta ɓangaren Zamfara, sun zama mafakar 'yan bindiga. A ƙarshen Afrilu 2018 aka kashe masu haƙar zinare a Janruwa, bayan 'yan kwanaki kuma, a farkon Mayu, aka far wa Gwaska aka kashe mutane fiye da 40. An sha ba da rahoton yadda masu makamai ke karɓar rabo a bakin rami, ko su kori masu haƙa su ɗora nasu. Mu malamai ma ba mu tsira ba. A ranar 15 ga Maris 2021 aka sace malamai uku a makarantar firamare ta Rama, a ranar 7 ga Maris 2024 kuma aka kwashe ɗalibai daga makarantar Kuriga da ke maƙwabtaka da mu a Ƙaramar Hukumar Chikun. Bindigar da aka shiga makarantun nan da ita da kuɗi aka saye ta, kuma duk wata hanya da kuɗi ke bi su shiga daji, ko ta fansa ce ko ta shanun sata ko ta zinare, ta shafi lafiyar malami da ɗalibinsa.

Domin a gane inda alkawarin kamfani yake tsayawa, sai an bi zinaren daga rami. Mai haƙa ya fasa dutse ya cika buhu. Mai injin niƙa ya mayar da dutsen gari. Masu wanki, waɗanda sau da yawa mata ne da yara, su tace garin da ruwa. A zuba zaiba ta kama ƙwayoyin zinaren, a ƙona dunƙulen a wuta zaibar ta tashi ta bar zinare. Ƙaramin dillali ya auna a sikelinsa ya biya kuɗi hannu, kuma galibi shi ne ya ba da bashin abinci da kayan aiki tun farko, don haka farashin da ya faɗa shi ne farashi. Daga gare shi sai babban dillali a birni, daga nan kuma ko dai a tsallaka da shi iyaka ta mota, ko a sa shi a jakar hannu a hau jirgi. Ƙungiyar Swissaid ta ƙasar Suwizalan ta fitar da bincike a watan Mayu 2024 wanda ya ƙiyasta cewa aƙalla tan 435 na zinare aka yi fasa-ƙwaurinsa daga Afirka a shekarar 2022 kaɗai, wato fiye da tan ɗaya kowace rana, mai darajar kusan dala biliyan 31, kuma mafi yawansa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya nufa. Da zarar ya shiga tukunyar matata an narka shi tare da na wasu ƙasashe, asalinsa ya ɓace. Zoben amarya ba ya faɗin ramin da ya fito, haka ma ɗan zinaren da ke cikin wayar da ke aljihunmu.

Ba za mu ce duniya ta naɗe hannu ba. A 2010 Amurka ta yi dokar Dodd-Frank, wadda wani sashe nata ya tilasta wa kamfanonin da ke kasuwar hannun jarinta su bayyana ko kuza da zinare da wasu ma'adinai biyu da suke amfani da su sun fito daga wuraren yaƙi na Kwango da maƙwabtanta. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin da Farfesa John Ruggie ya tsara game da kasuwanci da haƙƙin ɗan Adam, waɗanda suka tsaya a kan ginshiƙai uku: gwamnati ta kare haƙƙi, kamfani ya mutunta shi, wanda aka zalunta kuma ya sami hanyar da za a share masa hawaye. A wannan shekara dai ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu arziki ta fitar da jagora kan bin diddigin ma'adinai, ta ƙara masa babi na musamman kan zinare a 2012. Jagoran ya ɗora wa mai saye matakai biyar: ya kafa tsarin sanin masu kawo masa kaya, ya gano inda haɗari yake, ya ɗauki matakin rage haɗarin, ya bari wani mai bincike daga waje ya duba aikinsa, sannan ya bayyana wa jama'a sakamako kowace shekara. Kasuwar zinare ta Landan ta mayar da wannan sharaɗi ga duk matatar da ke son a karɓi zinarenta, Tarayyar Turai kuma ta yi tata dokar wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2021. A kan wannan harsashi ne kamfani irin Apple, wanda ke da ƙa'idar masu kawo masa kaya tun 2005, yake wallafa sunayen matatun da ma'adinansa ke fitowa daga cikinsu.

Wannan ci gaba ne, kuma adalci ne a faɗe shi. Shekaru 30 da suka wuce, kamfani na iya cewa abin da ya faru a bakin rami ba ruwansa, tunda ba shi ya ɗauki masu haƙar aiki ba. Yau ba mai iya faɗar haka a bainar jama'a. Kamfanin da ya rubuta alkawari da hannunsa ya ba mutane igiyar da za su kama shi da ita, kuma Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. To amma takarda ba ta tafiya da ƙafarta, kuma akwai wurare uku da muka ga alkawarin yana karyewa kafin ya iso inda muke.

Wuri na farko shi ne ƙofar matata. Kamfanin waya ko na kayan ado yana duba takardun matatar da ya saya daga gare ta, matatar tana duba takardun ɗan kasuwar da ya kawo mata, ɗan kasuwar kuma ya rubuta abin da ya ga dama. Zinaren da aka tono jiya a dajinmu, idan aka narka shi sau ɗaya aka ƙera awarwaro, ana iya shigar da shi a matsayin tsohon zinare da aka sake sarrafawa, wanda ba a cika tsananta tambayar asalinsa ba. Ta haka kowane hannu a jerin zai fito da takarda mai tsabta, alhali yaron da ya shaƙi hayaƙin zaiba bai bayyana a shafin kowa ba.

Wuri na biyu shi ne mai binciken kansa, domin wanda ake bincika shi ke biyan mai bincike. A 2013 wani ma'aikacin kamfanin binciken kuɗi na EY mai suna Amjad Rihan ya jagoranci duba matatar Kaloti da ke Dubai. Tawagarsa ta gano cinikin zinare na tsabar kuɗi hannu da ya haura dala biliyan 5 a shekara ɗaya, da kuma zinaren da aka shafe da azurfa aka fito da shi daga Maroko. Matatar ta musanta aikata laifi. Rihan ya ce an matsa masa ya sassauta rahoton, ya ƙi, ya rasa aikinsa. Sai a watan Afrilu 2020 wata babbar kotu a Landan ta ba shi gaskiya a kan tsohon kamfanin nasa, ta yanke a biya shi kusan dala miliyan 11. Shekara bakwai ke nan kafin gaskiyar mutum ɗaya mai ilimi da lauyoyi ta yi halinta. Sai mu auna wane zarafi mai wankin zinare a Tsohuwar Birnin Gwari yake da shi.

Wuri na uku ya fi sauran wuyar ganewa, domin yana kama da gaskiya. Idan magana ta yi zafi, abin da ya fi sauƙi ga kamfani shi ne ya janye ya ce ya daina saye daga wannan yanki baki ɗaya. A watan Disamba 2024, lokacin da gwamnatin Kwango ta shigar da ƙarar rassan Apple a Faransa da Beljiyam kan ma'adinan wuraren yaƙi, kamfanin ya musanta zargin, ya kuma ce ya riga ya umarci masu kawo masa kaya su dakatar da saye daga Kwango da Ruwanda. Irin wannan mataki yana wanke sunan kamfani, amma ramin yana nan, mai haƙa yana nan, yunwar da ta kai shi ramin tana nan. Abin da ya canja kawai shi ne mai saye na gari ya tafi ya bar wanda ba ya tambaya. Jagoran OECD kansa bai ce a guji ƙananan masu haƙa ba. Ya ce a yanke hulɗa nan take inda aka ga mummunan zalunci ko tallafa wa masu makamai, amma ya kuma yi kira a taimaka wa ƙananan masu haƙa su shiga tsari su sami halastacciyar kasuwa. Rabin farko na wannan magana kamfanoni sun fi riƙewa, domin shi ne marar tsada.

Abin da ke cikin haɗari a nan mun san shi, domin ya faru a maƙwabtanmu. A watan Maris 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Da aka bincika sai aka gano dutsen da ake samun zinaren a cikinsa yana cike da dalma, kuma ana niƙa shi a cikin gidaje, wani lokaci da injin da ake niƙa hatsi. Ƙurar ta bi tsakar gida da kwanon abinci da hannun yara masu rarrafe. Kimanin yara 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu, kuma sai a 2013 aka share ƙasar garin Bagega. A 2015 abin ya sake faruwa a Shikira da ke Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, wadda muke iyaka da ita, inda yara 28 suka rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa. Yaron da ya tsira da ransa yana iya rasa wani ɓangare na kaifin ƙwaƙwalwarsa har abada, kuma malami ne zai fara ganin hakan, a yaron da ake maimaita wa darasi sau biyar bai riƙe ba, a kira shi daƙiƙi alhali guba ce ta ci shi. Hayaƙin zaiba ma haka yake lalata jijiyoyi da ƙoda, shi ya sa Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da ita. Ramin kansa kabari ne a buɗe, kamar yadda aka gani ranar 3 ga Yuni 2024 a Galadiman Kogo ta Ƙaramar Hukumar Shiroro, inda rami ya rufta da masu haƙa da dama bayan ruwan sama.

Doka ba ta bar wannan a duhu ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya masu lamba 138 da 182 a shekarar 2002, ta biyun kuwa ta haramta sa duk wanda bai kai shekara 18 ba aikin da ke cutar da lafiyarsa. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta hana sa wanda bai kai 16 ba aiki a ƙarƙashin ƙasa ko a kan inji. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, Jihar Kaduna kuma ta yi tata dokar kare yara a 2018. Ke nan kamfanin da ya ce ba zai sayi zinaren da yara suka wanke ba, ba alfarma ya yi mana ba. Abin da dokar ƙasarmu ta riga ta wajabta ne ya maimaita.

Akwai mai cewa, kuma maganarsa abin saurare ce: ku malamai kuna da albashi, ko da ya makara. Uban da aka kora daga gonarsa shekara biyar, aka sace shanunsa, ya sayar da abin da ya rage ya biya fansa, me za ku ce ya ciyar da gidansa da shi idan kun hana ɗansa zuwa wanki? Ba mu da bakin raina wannan tambaya, kuma shi ya sa ba mu goyon bayan a rufe ramuka da sanarwar rediyo. An gwada. Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu 2019, ba ta ɗage haramcin ba sai a Disamba 2024, kuma a tsakanin nan haƙa ba ta tsaya ba, kashe-kashe ma ba su tsaya ba. Masu bin doka ne suka fita, masu bindiga suka ci kasuwarsu. Yaro yana zuwa rami ne domin abin da ake biyan ubansa bai isa ba, kuma bai isa ba ne domin hannaye biyar ko shida suna yankar rabonsu kafin zinaren ya kai inda ake biyan cikakken farashi. Duk alkawarin hana aikin yara da bai taɓa farashin da ake biyan babba a bakin rami ba, hana yaron cin abinci kawai zai yi.

Tarihin ƙwadago ya nuna mana irin alkawarin da ke aiki. A 2001 manyan kamfanonin cakulan suka sa hannu a Amurka cewa za su kawar da mummunan aikin yara a gonakin koko. Wa'adi ya zo ya wuce, aka sake sa wani, shi ma ya wuce. A 2020 wani bincike da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyi ya ƙiyasta yara kusan miliyan ɗaya da rabi suna aiki a gonakin koko na Kwaddibuwa da Gana. Wannan alkawari ne da kamfanoni suka yi wa kansu, su ne alƙalai su ne shaidu. A ɗaya ɓangaren, ranar 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladash ya kashe ma'aikatan ɗinki fiye da 1,100, bayan an ga tsaga a bango tun jajibiri amma aka tilasta musu komawa aiki. Wasu daga cikin masana'antun da ke ginin sun riga sun ci jarrabawar masu binciken kamfanoni. Bayan wannan musiba aka ƙulla wata yarjejeniya dabam, wadda kamfanoni fiye da 200 suka sa wa hannu tare da ƙungiyoyin ƙwadago, wadda za a iya gurfanar da wanda ya karya ta, wadda kuma ta ba ma'aikaci damar ƙin shiga ginin da ke da haɗari. An duba masana'antu fiye da 1,600, an wallafa sakamakon kowa ya gani. Bambancin alkawuran nan biyu shi ne a na biyun ma'aikata suna zaune a teburin, da ƙungiyarsu da sa hannunsu. Wannan darasi ba sabo ba ne ga 'yan ƙungiyar da aka kafa tun 1931. Mun daɗe da sanin cewa yarjejeniyar da babu mai bibiyarta, adon drowa ce.

Saboda haka, ga ma'aunin da muke ganin ya dace a auna duk kamfanin da ya zo neman zinaren Birnin Gwari da shi, ko mai haƙa ne ko mai saye. Na ɗaya, ya kawo alkawarinsa da Hausa, a karanta shi a fada da kasuwa da bakin rami, domin alkawarin da wanda aka yi dominsa bai taɓa ji ba, ba shi aka yi wa ba. Na biyu, ya faɗi ramukan da yake saye daga gare su da farashin da yake biya, a liƙa a inda kowa zai gani. Na uku, ya sa kuɗinsa a gyaran aiki: niƙa da ruwa maimakon niƙa a bushe, wurin sarrafawa nesa da gidaje da rijiyoyi, da hanyar kama hayaƙin zaiba ko a daina amfani da ita. Na huɗu, idan ya sami yaro a wurin aiki kada ya kore shi ya juya baya, ya haɗa kai da makaranta da iyaye a mayar da yaron aji. Na biyar, ya yarda masu haƙa su kafa ƙungiyarsu su yi magana da shi da baki ɗaya, ya kuma buɗe ƙofar kai ƙara da mai ƙara ba zai ji tsoron shiga ba. Na shida, kada ya biya masu makamai ko sisi da sunan tsaro ko rabo, domin wannan kuɗin ne ke dawowa ya tsaya a ƙofar makaranta.

Ga hukumomi kuma, kayan aikin suna hannunsu. Tsarin mulki ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinan ƙasa, don haka ita ke ba da lasisi. Amma dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, ta ambaci tallafin karatu da koyon sana'a da ginin makarantu da asibitoci cikin abubuwan da za a iya sa wa, ta kuma ce a sake duba yarjejeniyar duk bayan shekara biyar. Muna roƙon Masarautar Birnin Gwari, ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Zubairu Jibril Maigwari II, da majalisar ƙaramar hukuma, da su tsaya a kan cewa ba za a sa hannu a irin wannan yarjejeniya a ɗaki rufe ba, kuma a sa wakilin malamai da na iyaye da na mata a cikin masu tattaunawa. Haka nan, a watan Yuli 2020 aka miƙa wa Shugaba Muhammadu Buhari sandar zinare mai nauyin kilo 12.5 da aka tara daga ƙananan masu haƙa, Babban Bankin Nijeriya ya saye ta a kan naira miliyan 268, aka kuma ambaci Kaduna cikin jihohin da shirin zai shafa. Muna kira da a kafa cibiyar saye ta hukuma a nan Birnin Gwari, mai sikeli na gaskiya da farashi bayyananne, domin mai haƙa ya sami inda zai kai kayansa ba tare da ya bi ta hannun ɗan fasa-ƙwauri ba.

Sai kuma namu nauyin, domin in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Babu mai bincike daga Dubai ko Landan da yake riƙe da abin da malamin firamare yake riƙe da shi, wato rajistar aji. Ita ce ke nuna wane yaro ya ɓace, a wane wata, daga wace unguwa. Muna kira ga kowane shugaban makaranta ya riƙa cika ta da gaskiya, ya lura da lokacin da kujeru suka fara zama babu kowa, ya kai maganar gaban kwamitin gudanar da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, a kuma turo wa ofishin reshe adadin, ba tare da sunayen yara ba, domin mu sami hujjar da za mu ajiye a gaban duk wanda ya ce babu yara a raminsa. Mu koya wa ɗalibai, su kai gida, cewa ba a niƙa dutsen zinare a cikin gida ko da injin hatsi, ba a ƙona zaiba kusa da yara ko mai juna biyu, kuma mai dawowa daga rami ya wanke jikinsa ya canja tufafi kafin ya ɗauki jariri. Yaron da ke yawan amai ko ciwon ciki ko jijjiga a gidan da ake sarrafa dutse, a gaggauta kai shi asibiti a gaya wa ma'aikatan lafiya sana'ar gidan. Kuma kada a sami ɗayanmu, komai tsananin wata, yana sayen zinare daga hannun ɗalibi ko yana aikensa wanki. Wanda ya yi haka ya zubar da bakin da za mu yi wa kamfani magana da shi.

Ƙungiyarmu ɓangare ce ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, kuma mai haƙa da ke cikin rami ma'aikaci ne kamar mu, sai dai shi ba shi da katin ƙungiya ko ranar albashi. 'Ya'yansa su ne ɗalibanmu, wasu masu haƙar ma tsofaffin ɗalibanmu ne. Muna fata wakilan makarantu za su zo taron reshe na gaba da rajistarsu da abin da suka gani, domin mu fitar da matsaya ɗaya a rubuce mu miƙa wa masarauta da ƙaramar hukuma kafin masu jari su iso. Allah Ya dawwamar da zaman lafiya a ƙasar Birnin Gwari, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya sa arzikin da ke ƙarƙashin ƙasarmu ya zama alheri ga 'ya'yanmu.